Ni na juya masa A da B, ga shi jibi za a dafa Alƙur'ani

Assalamu alaikum Anti mai wannan shafi, ina gaishe ki da aiki, Allah ya ƙara rufa asiri. Don Allah ki ɓoye sunana da na garinmu. Ku kuma masu karatu, wanda zagi ya kawo shi ya wuce abinsa, don na san halin wasunku, mace ta kawo kukanta ku mai da ita abin hira. Zagin da na yi wa kaina ya ishe ni. Ku yi haƙuri da rubutuna, a aji huɗu na tsaya a firamare, sauran karatuna na allo ne da Islamiyya.

Shekarata ashirin da biyu, muna zaune a wani ƙauye tsakanin Ɗanbatta da Kunci, ina da 'ya ɗaya mai wata takwas, sunan surukata ta ci, muna ce mata Ummi. Maigidana gyaran waya yake yi a kasuwa, da damina ya yi noman gyaɗa da gero kamar kowa. Tun ina da cikin Ummi ya ɗauko wani aiki ya ɗora wa kansa, wai zai haɗa gem na hannu irin wanda wani kawunsa ya taɓa kawo masa daga Kano yana yaro, mai ɗan mutum da ke gudu yana tsallake rami, da bulo masu zubowa ana jera su. Ya ce wasannin wayar yanzu duk sai da data, ga cin caji, shi yana son abin da ɗan ƙauye zai sa a aljihu ya tafi gona da shi. Ya tara gilashin matattun wayoyi da batira, ya samo wani ɗan allo mai kamar katin waya da ya ce shi ne ƙwaƙwalwar abin, kullum bayan la'asar yana tsakar gida da dalma yana ƙona mana hanci.

Da farko haushi abin yake ba ni, daga baya na tsinci kaina a ciki. Abin da ya fi ba shi wahala shi ne inda zai dasa maɓallai. Ya fafe ƙwarya ya yanka ta daidai tafin hannu, ya zana, ya goge, ya sake zanawa, ko ya riƙe sai ya ce bai zauna ba. Wata rana na kankare lalle ban kai ga wanke hannu ba, ya miƙo min ƙwaryar ya ce in riƙe kamar ina wasa, in rufe ido. Da na ajiye sai ga shaidar manyan yatsuna biyu ja jawur a jikin farar ƙwarya. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Maman Ummi, kin gama min aikin wata guda." A daidai jan hagu ya sa gicciyen da ake tuƙa ɗan mutumin da shi, a jan dama ya sa maɓallai biyu, na can gefen dama inda lallen ya fi kamawa ya ce shi ne babba, shi ne tsalle, shi ne shiga, ya sa masa suna A. Na kusa da shi ta hagu shi ne komawa baya, B. Na ji daɗi har raina, na ce ai haka ya dace, ko a allo Alif daga dama yake farawa, kuma komai na alheri da dama ake soma shi.

Ba shi kaɗai ba ne nawa a jikin abin nan. Ni na ce ya sa maɓallin da za a danna sau ɗaya ƙara ta ɗauke, saboda kiran salla da barcin jariri, don na sha tashi da kukan yarinya a kan ƙit ƙit ɗin gwajinsa. Ni na ce ya huda kusurwa a zura igiya, don na ga yadda waya ke suɓuce wa mutane a kan amalanke. Ni na ce ya kakkarta bayan saboda gumin hannu, ya kuma sa 'yar fitila a ka. Solar da ya manna a baya ce kawai tunaninsa. Na faɗi ƙarya? Allah yana gani.

Sai ƙanwarsa ta dawo hutu daga makaranta a Kano. Bari in kira ta Bilki. Yarinyar da na girme ta da shekara ɗaya, amma in ta shigo sashenmu sai ta tsaya a bakin ƙofa tana toshe hanci wai hayaƙi, magana ɗaya Hausa biyu Turanci, ta ce min matar Yaya da wata irin murya kamar tana kiran akuya. Da ta ga gem ɗin sai ta maƙale, ita ce mai shigar da rubutun da ke fitowa a gilashi, ita ce mai cike takardar wani taron baje kolin ƙere-ƙeren matasa da za a yi a Kano. Ban ƙi ba, aikin ɗan'uwanta ne. Ranar da ta tsokano ni ita ce ranar da ta ɗaga abin ta kwashe da dariya, ta ce wane ne ya sa A a dama B a hagu, ai ko ɗan nazare ya san A ke gaba kuma daga hagu ake karatu. Na ce mata yatsa can yake sauka, kuma mu a allo daga dama muke farawa. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Matar Yaya, wannan ba allon Malam ba ne. Ki je tuwonki na ƙonewa."

Na juya ina jiran maigida ya tanka. Ya sosa ƙeya ya ce ai ko na kawunsa haka yake, A a dama. Ta ce to ya je gaban masu digiri da aikin 'yan ƙauye ya gani. Kun san me mutumin nan ya yi? Washegari ya farke dalma ya juya wayoyin, tsalle ya koma hagu. Mutumin da ya ce na gama masa aikin wata guda. Da ya yi sabon gida na farar robar bututun ruwa da ya gasa ya miƙar, ƙwaryata mai shaidar lalle a bayan murhu na tsince ta. A takardar taron kuwa na ga sunansa na ga nata, don ko ban iya Turanci ba na iya gane suna. Na tambaye shi ina nawa, ya ce wai ba a sa sunan matar aure a irin wannan. To ba a sa sunanta, amma ana sa yatsunta?

Ana gobe za su tafi aka yi suna a maƙwabta, na sake ƙunsa lalle. Da hantsi Bilki ta zo ta rubuta A da B a kan maɓallan da jan fenti, ta jera su, ta ɗaure notika, ya gwada ya ce ya yi, ya naɗe abin a ƙyalle ya sa a aljihun jaka ya tafi duba gyaɗa. Ita ma ta koma sashen Inna, mahaifiyarsu. Ummi na barci. Na zauna ina kallon jakar nan zuciyata na tafasa. Wata goma ina kallon hannunsa, na san sukundireban da yake ɗauka, na san notika huɗu ne. Na kankare lallen a gurguje, na buɗe, na ciro maɓallan biyu, na mai da A dama na mai da B hagu, na rufe, na naɗe yadda ya naɗe. Wallahi ban yi don in ɓata ba. Ni a tunanina tsallen a cikin maɓallin yake, kamar yadda magani ke cikin kafso, duk inda ka kai A tsalle zai bi shi. So nake masu digirin su riƙe su ce kai, wannan ya zauna a hannu, in ya dawo yana murna in ce masa to aikin 'yar ƙauye ne. Ban san maɓalli hula ce kawai ba, aikin yana ƙasa a jikin waya. Wa ya taɓa zaunar da ni ya gaya min?

Washegari suka tafi, da yamma suka dawo. Daga bakin abokinsa da ya raka su na ji yadda aka yi. Alƙalan taron uku suka zo teburinsa, babbansu ya karɓi ƙyallen ya warware da kansa, ya kunna, gilashi ya rubuta a danna A a shiga. Ya danna A, abu ya koma baya. Ya sake, ya koma. Sau huɗu. Kafin maigida ya leƙa ya gane abin da ya faru mutumin ya ajiye, ya ce masa cikin raha ya koma gida ya fara koyon ABCD tukuna, mutane suka yi dariya, aka wuce tebur na gaba. Ko fitilar ba su gani ba, ko maɓallin shirun nan nawa.

A tsakar gida, gaban Inna da matan yayyensa, ya wanke Bilki tas. Ya ce ita ta rufe abin a ƙarshe, ta kifa shi tana jera maɓallai ta manta in an kifa abu dama hagu take komawa, ya ce bokon da take taƙama da shi bai tsinana mata komai ba, kada ta sake taka masa sashe. Ta ce ai ya gwada a gabanta. Ya ce gilashi yake kallo ba rubutu ba. Ta fashe da kuka. Ni ina bakin murhu ina tuƙa tuwo, kuma tunda gaskiya na zo faɗa, daɗi na ji. Na ce a raina yau ga A ga B nan, ki karanta daga hagu. Har yanzu da nake rubutun nan in na tuna fuskarta ranar da ta ce min tuwona na ƙonewa, ba na jin tausayinta ko na ƙwayar gero. Ku ce min muguwa, na ji.

Amma yarinyar nan ba ta bar maganar ba. Kwana tara ke nan ta ƙi komawa makaranta, ta ƙi cin abincin kirki, ta ce ba za ta bar garin nan da sunan wadda ta kunyata ɗan'uwanta ba. Ta tsaya kai da fata wani ya taɓa abin bayan ita. Inna ta gaji, ta ce ranar Juma'ar nan, wato jibi, bayan an sauko daga masallaci ƙanen mahaifinsu, wanda shi ke limancin unguwarmu, zai shigo da Alƙur'ani, duk wanda ya kwana a gidan nan ranar da aka rufe abin ya yi alwala ya dafa ya rantse ba shi ya taɓa ba. Bilki ta ce ita za ta fara. Tana faɗa tana kallona.

A garinmu an san rantsuwar ƙarya ba lallai ta faɗa kan mai ita ba, abin da ka fi so take nema. Ni me na fi so? Shekaranjiya jikin Ummi ya yi ɗumi, haƙori ne kowa ya ce, amma na wuni ina taɓa goshinta ina cewa ko tun ban dafa ba an fara. Ba zan iya ɗora hannuna a kan littafin Allah da yarinyar nan a bayana ba. In kuma na buɗe baki, Bilki ta samu abin da za ta riƙa yi min gori da shi har in mutu, jahilar da ta ɗauka tsalle a cikin roba yake. Inna da ke ce min 'yata za ta san ni na bar 'yarta ta cikinta tana kuka kwana tara ina kallo. Shi kuma, wata goma na wahalarsa da dariyar da aka yi masa a Kano, da wane ido zai dube ni? Ko takardata zai miƙo min in koma gidanmu da goyo?

Ga abin da ya hana ni sukuni har na ɗauki waya na rubuto. Jiya da la'asar ya fito da gem ɗin karo na farko tun dawowarsu, ya kwance notikan, ya ɗaga murfin. Ina shara kusa da shi, na saci kallo. A cikin farar robar, daidai gurbin maɓallan, ga ɗan jan lalle nan kamar ƙwayar dawa. Bilki ba ta ƙunshi, cewa take na 'yan ƙauye ne, duk gidan an sani. Ya daɗe yana kallon wurin kamar yadda ya kalli ƙwaryar nan. Sai ya rufe, ya ɗaure notikan, ya ce in kawo masa ruwa. Da na miƙa masa kofin ya riƙe babban yatsana ya juya shi.

"Lallen nan naki yana kamawa, Maman Ummi."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Ya sha ruwansa ya tafi masallaci, da ya dawo ya ci tuwo ya yi wa Ummi wasa, bai kuma je ya ba ƙanwarsa haƙuri ba. Ya sani ne yana jira in faɗa da bakina? Rufa min asiri yake yi ya bar ƙanwarsa a ciki? Ko so yake ya ga ko zan iya dafawa? Yau da safe na ga maɓallan yadda na bar su, A tana dama, bai mayar ba.

Anti, saura kwana biyu. In same shi mu biyu in faɗa, in bar shi ya san yadda zai yi da Inna? In tafi wajen Inna kai tsaye in durƙusa? Kada wanda ya ce min in je in ba Bilki haƙuri, don ita ta fara, kuma har yau ba ta ce min yi haƙuri ba, gara a ce min in haɗiyi garwashi. Amma Ummi ba ta san A ba, ba ta san B ba, tana nan a cinyata tana tsotsar igiyar da na ce a zura a kusurwa. Me zan yi?