A Dakatar da Kilishi

Zuwa ga Yaya Mainasara, Talata Mafara.

Assalamu alaikum. Ina fatan Inna da iyali suna lafiya, kuma ma'aikatan Bakolori na cika maka rumfar nama.

Muna lafiya. Kilishinka ya iso, Allah ya saka. Sai dai ƙanshinsa kaɗai amai yake sa Sa'adatu. Kowace safiya takan bar ɗalibanta a aji ta ruga waje, har shugaban makaranta ya fara zancen sallamarta. Ni ma ƙarnin ɗakin ya hana ni cin abinci.

Ba cuta ba ce. Ina roƙo a dakatar da kilishi, a aiko da tsamiya. Ka karanta wa Inna, za ta gane.

Ƙaninka,
Sirajo, Fatakwal.