Sakamakona Ya Zama Tsuntsu

Yaya Audu,

Gaisuwa mai yawa. Ya jiki, ya iyali, ya zafin Legas? Mu nan Dogo Tebo lafiya lau.

Wata baƙuwa 'yar Japan ta zo firamaren su 'yata Hauwa, ta koya musu gaisuwarsu da ninke takarda ta zama tsuntsu. Sai Hauwa ta buɗe akwatina, ta ninke takardar sakamakona ta aji huɗu, inda na zo na ƙarshe. Zan fara faɗa ke nan, sai na ga dangwalen yatsan marigayi Baba a fiffiken. Ka tuna? Yana dangwalawa yana cewa, "Sule, gara shanu."

Na kasa warware tsuntsun.

A sa mu a addu'a, kada Hauwa ta gaji ƙwaƙwalwata. Ka gaida matarmu.

Ƙaninka,
Sule