Hannun Habibu ba safa

Kai mai karantawa, in kana cikin masu ɗaura wa ɗansu laya don ya ci wasa, ka wuce, maganar nan za ta ɓata maka rai. Da marigayi mijina nake.

Assalamu alaikum, Malam. Ya kwanciyar kabari? Allah Ya ƙara maka haske. Muna lafiya a Durun, shanunka ma lafiya.

Autanka Habibu ya zama mai tsaron raga. Ka bar shi yana rarrafe, yanzu sai ya sunkuya yake shiga ɗakinka. A bangon ɗakin ya liƙa hoton wani Bafaranshe, golan zamanin da, sanye da hular hana-salla da rigar sanyi. Ya ce a lokacinsu ture gola ake yi har cikin raga, shi da ƙwallon. Na daɗe ina hararar hoton nan.

Da ƙungiyarsu ta kai wasan ƙarshe a Kabo, kocinsu ya aiko masa da sabuwar safar hannu. Ka san ni da bincike. Na shafa ta, na ji tudu a wuyan ta dama. Na sa reza na farke, sai ga laya an ɗinke a ciki.

Na tuna abin da kake faɗa wa ɗalibanka a Islamiyya: “Wanda ya jingina da kara, tare za su faɗi.” Na naɗe safar da layar a leda, na mayar wa mai su.

Kocin ya zo har zaure yana ta Hajiya kaza, Hajiya kaza. Wai 'yan Dugabau da za su kara da su ma suna yi, wai in aka ci yaron garin nan ba zai yafe mini ba. Na ce masa daga bayan ƙofa ba ni da wurin ajiye yafiyar gari ranar hisabi. Daga nan matan unguwa suka rage gaishe ni a bakin rijiya.

Habibu ya ƙi cin tuwo, ya ce ba a tsaron raga hannu tsirara. Na ja shi gaban hotonsa na ce, “Duba hannun mutumin naka. Ina safar?” Babu. Na ce masa hannun da ke riƙe igiyar bijiminka, Malam, ba zai ji tsoron fatar da aka hura wa iska ba.

Ban je Kabo ba, ka san ba zan je ba. Amma ban iya zama ba, Malam. Gero na tsince har sau biyu. Na san in raga ta girgiza, sunana za a kira, shi kuma ba za a sake sa shi a wasa ba.

Gab da magariba na ji ham ɗin babura tun daga hanyar Kabo. An tashi babu ci, aka je fanareti, ɗanka ya tare na ƙarshe da tafin hannunsa. A kafaɗa aka shigo mini da shi. Matan rijiya su ne a gaba wajen guɗa. Na bar su suka yi, har ruwa na ba su.

Yatsunsa sun kumbura. Ina shafa masa man shanu yana dariya irin taka, ta gefen baki. A nan ne na kau da kai kaɗan, kada ya ga idona.

Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata makwancinka, Ya haɗa mu a Aljanna. Hoton Bafaranshen na nan, na ma goge masa ƙura.

Ni ce matarka, uwar 'ya'yanka, kuma ga dokar da na kafa a gidanka: mai son ƙwallo ya yi, bayan ya tatsi shanu ya yi la'asar. Amma duk safa ko takalmin da zai tsallake zauren nan, sai na shafa shi da hannuna tukuna.