'Yar Jar Takardar da Ta Hana Mu Ruwa

Zuwa ga Baffana,

Assalamu alaikum. Ka gafarce ni da ƙarfin halin da na yi na rubuto maka, ni da ko ido ba na iya haɗawa da kai idan ka zo gida. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Allah ya sawwaƙe maka ciwon bayan nan na zaman mota. Mu ma lafiya lau, sai gajiya. Kaka ta samu sauƙin ƙafa, Auta kuma ta fara haƙori, ta hana kowa sakat.

Maganar famfon unguwarmu ce ta sa na ɗauki biro, wato famfon nan mai aiki da hasken rana, wanda ƙungiyar agaji ta ƙasar waje ta haɗa hannu da kamfanin da kake yi wa direba suka kafa bara. Mun ji daɗinsa ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Amma yau sati bakwai ke nan da ya tsaya, tsohon famfon hannu kuwa an tuge shi tun ranar buɗewa, wai zai ɓata hoto.

Ka san Baba shekara ashirin yana gyaran famfo. Ya duba ta ramukan iskar akwatin wutar famfon, ya ce waya ce ta saki, aikin da zai gama kafin shayi ya huce. Sai dai akwai 'yar jar takarda liƙe a bakin murfin, kuma mai unguwa ya ce bisa yarjejeniya, duk ranar da aka yaga ta kamfani ya zare hannunsa ke nan. An kira ƙungiya, suka ce nasu kafawa ne, gyara na kamfani. An kira kamfani, wata mai daɗin murya ta ce injiniya yana hanya. Mama ta ce ga alama da ƙafa yake tahowa, kuma da baya da baya.

Kullum Baba sai ya ɗauki jakar kayan aikinsa ya je ya zauna gaban akwatin, har matan layi sun sa masa suna Maigadin Takarda. Jiya da ya dawo ya ce da Mama, "Tsatsa ba ta taɓa gagarata ba, yau ga takarda ta gagare ni."

Ni kuwa sai na tsallaka babban titi na ɗebo jarka huɗu kafin makaranta. Darasin lissafi kullum a tsakiya nake samunsa, ga jarrabawar fita saura sati biyar. Shekaranjiya malama tana koya mana amfanin haɗin gwiwar kamfanoni da masu agaji, barci ya sace ni, ta tsayar da ni gaban aji.

Baffa, ba injiniya nake roƙo ba. Idan ka ɗauko maigidanka ka ga fuskarsa a sake, ka roƙe shi layi biyu da hatimi, cewa an yarda Baba ya buɗe. Baba bai san da wannan wasiƙa ba, ka san ba zai iya roƙon ƙaninsa ba.

Ka gaida min Inna da Tagwaye da Gwaggo. Idan ba rashin kunya ba ne, ka ba ni izini in sake rubutowa, ko da amsar a'a ce. A gida ba ni da wanda zan ce wa na gaji, don kowa ya fi ni gajiya.

Taka,
babbar 'yar yayanka