Inna, Na Ari Muryarki

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Falmata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin rahama. Wata huɗu ke nan da kika bar mu a Gure, kuma na yi wani abin da dole in faɗa miki.

Kin tuna labarin akun duwatsun Kelle? Kin ce a da yarinya ce, shegiyar kwaikwayo. Sai ta laɓe kusa da rijiya ta yi kiran wannan makiyayi, ta yi na wancan, garke ya shige garke, maza su wuni suna rarrabewa suna zage-zage, ita ko tana tuntsira dariya. Ran da uwarta ta gaji ta ce, "Tafi dutse ki yi wa duwatsu!" Bakin uwa fa. Kafin la'asar ta yi koren fiffike. Har yau tana can, tana saukowa kwari satar dabino, muryar kowa na bakinta, tata ce kawai babu.

Da ni kike, na sani. Duk ran da na kwaikwayi malamin lakwal, makarantarmu ta boko, ko tarin Baba, sai ki ja kunnena ki ce, "Fanna, ki kiyayi dutse."

To Inna, awakinki sun ƙi kowa. Da yamma in yi ta kira, ko ɗaga kai ba sa yi, 'yan banza. Biyu sun kwana a daji, ba a sake ganinsu ba. Yaya Mala ya ce ran kasuwar Gidigir zai kwashe sauran. Wallahi ba zan iya ganin turakunki wayam ba.

Makon jiya na tsaya bakin danga na yi irin kiranki, har da 'yar karyewar nan ta ƙarshe. Suka taho a guje, har jar nan mai taurin kai.

Baba ma ya fito. Ba takalmi, buta a hannu, yana dube-dube. Sai ya gan ni. Da marina ya yi, da ya fi mini sauƙi. Bai yi faɗa ba. Ya ce awaki su zauna, amma in riƙa zuwa bayan tudu in kira su, inda ba zai ji ba.

Can nake zuwa yanzu, ni kaɗai. Ina kewarki, Inna, kewa mai ciwo. Wata ran sun gama taruwa ma, sai in ƙara kira ɗaya don kaina.

Allah Ya jiƙanki, Ya sanyaya makwancinki. Ya ba Baba haƙuri, ni ma Ya ba ni.

'Yarki,
Fanna