Takardarka ta kurkunu ta iso

Zuwa ga ƙanena Isufu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina gajiya, ina karatu, yaya baƙunta a Dakar? Mu nan Dakoro lafiya lau, sai kewa.

Takardar binciken kurkunu da kuka buga a jami'a ta iso ran Juma'a. Na karanta ta a lakwal, makarantar da nake koyarwa, bayan yara sun tashi. Na ɗaga kai in ce wa wani, "Dubi aikin ƙanena," ban ga kowa ba sai bencina. Tun da aka mai da abokin aikina Maradi na rasa abokin hira.

Na kai wa Inna, na fassara mata yadda cutar ke ɓuya cikin ruwan tabki. Ta ce, "Nuna mini sunansa." Na ɗora yatsanta a kai, ta daɗe ba ta ɗauke ba. Can ta ce, "Duk rubutun nan, bai faɗi ranar zuwa ba?" Na ce bai faɗa ba. Ta miƙe ta koma ga dakanta.

Isufu, don Allah rubuto mata ranar.

Ka sa mu cikin addu'a, ka gai da malamanka.

Yayanka,
Mamman