Ƙamshin Kadamon Ya Tona Ni

Daren Alhamis, Unguwar Boro

Har yanzu ina jin haushin Mama Saratu.

Tun da laulayin nan ya fara, ko ruwa na sha sai ya dawo. Hajiyar ofishinmu ce ta ba ni kadamon, 'yan ƙwayoyin nan masu ƙamshi da ake sa wa shayi, ta ce in riƙa taunawa idan zuciyata ta tashi. Yana kuwa yi min aiki. Yau na hau keke napep daga Sabon Tasha har coci ban yi amai ba.

Muna zaune a taron zumuntar mata na jefa ɗaya a baki. Mama Saratu, shugabarmu, ta shinshina, ta kalli idona, ta miƙe tsaye. "Mata, ku taya Rahila murna. 'Yata ma shi ta tauna da cikinta na fari." Sai guɗa da tafi, har da waƙa.

Na ce, "Mama, wa ya aike ki?" Wai ai gidan Ubangiji ne, me za a ɓoye.

Ita ce fa ta zo min jaje bara da wancan cikin ya zube. Ta san dalilin da na yi shiru sai wannan ya yi ƙwari.

Ko mijina Bulus ban gaya wa ba, ina jira ya dawo daga tafiya in ga fuskarsa. Ɗazu ya kira, muryarsa a sanyaye. A bakin matar abokinsa ya ji zai zama uba.